Fam Uku Kowane Harafi

A Whitby, inda teku ke lasar gindin dutse,
Wilfred Garbutt ya hau tudu da sanda,
takarda ninki huɗu a aljihun kwat.
Shekara arba'in da ɗaya ya yi a maɗaba'a
yana farautar kuskure da jan biro,
bai taɓa barin waƙafi ya kwana a gidan da ba nasa ba.
Yau shi ke da rubutu, wani ke da gyara.

Pybus mai sassaƙar dutse ya bi layukan da ɗan yatsa mai kanta.
"Dattijo, fam uku ne kowane harafi.
Wannan da ka kawo, ko bangon coci ba zai ɗauke shi ba.
Koma gida ka rage."

Shafi biyu ne cur a kan Maud.

Da dare, ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
ya sauko da ƙamus ɗin da gora ta ci wa baya,
ba don yana neman wani abu ba,
hannu ne kawai ya saba.
Can ya yi kiciɓis da ita,
abbreviature,
tsohuwar kalma, an yi mata alamar waɗanda aka daina kira.

Ma'ana biyu take goye da su.
Ɗaya: a datse wa kalma wutsiya, a ɗiga mata ɗigo.
Ɗaya: a kama littafi mai ƙiba
a matse shi har ya shiga tafin hannu.

Ya ƙirga ta, don hali zanen dutse ne.
Harafi goma sha biyu!
Sunan gajarta, ga shi zaƙaƙam kamar layin jirgi,
fam talatin da shida a wurin Pybus.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
dariyar farko tun watan Fabrairu.

Sai ya tuna Maud a kaka, gaban murhu,
kwandon tuffa guda a tukunya,
tana juyawa, tana mita, tururi ya rufe mata tabarau,
har kwando ya koma kwalba ɗaya.
Ba ta yar da komai ba sai ruwa.
Ashe yanka daban, tacewa daban.

Ya ɗauko jan biron.
"Mai haƙuri": ya soke. Maud ba ta da shi,
ta taɓa jifan rediyo da takalmi.
"Abar ƙauna": ya soke,
rabin duwatsun tudun nan haka suke cewa.
Sunan makarantar da ta koyar, ya soke.
Sunan karen ya daɗe a kansa,
ya tashi ya sha ruwa, ya dawo,
ya soke.

Ƙarfe uku, takarda ta yi ja kamar mahauta.
Babu abin da ya tsira.

A jikin butar shayi, ƙarƙashin gwangwanin sukari,
nan ta kan bar masa saƙo,
shekara da shekaru, a bayan rasit:
Na gangara bakin ruwa. Kar ka jira. M.
Akwai guda a aljihun tebur, ya san wurin.
Bai taɓa ganin ta rubuta sunanta cikakke ba,
bai kuma taɓa tambayar wace ce M ba.

Da safe ya miƙa wa Pybus rasit ɗin.
Pybus ya ƙirga, leɓe na motsi, ya tsaya a ƙarshe.
"Wannan ɗigon fa? Aya ce?"

"Ba aya ba ce.
Aya cewa take an gama.
Wannan cewa yake da saura,
wanda ya sani ya ƙarasa."

Pybus ya soke fensir a bayan kunne.
"Ɗigo kyauta ne," in ji shi,
ya je neman ƙaramar kurfi.